Mabuɗi, kwali da ƙananan kalmomin Turanci

Ranar da 'yata ta ajiye mini littafin aikin gidanta a cinya, jan biro na fara gani. Jimloli ashirin ne, kowacce an bar gurbi a tsakiyarta, an ce a cike da kalmar da ta dace. A saman shafin malamarsu ta rubuta *prepositions* da manyan baƙaƙe, wato ƙananan kalmomin Turanci irin su *in* da *on* da *at*. Ta ci bakwai, ta faɗi sha uku. Shekarunta goma sha biyu, kuma yarinya ce mai son karatu wadda ba ta saba ganin littafinta ya yi ja haka ba. Ta tsaya a gefena tana murza yatsu, ta ce, "Baba, ni fa na karanta. Wallahi na karanta."

Na yarda da ita. Na karɓi fensir na bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, ina faɗin amsa tana rubutawa a gefe, cikin minti goma muka gama gyara. Na yi shekaru ina aiki da Turanci, saboda haka kunnena kan gaya mini kalmar da ta zauna daidai. Da muka zo jimlar da ke cewa *He was born ___ Monday*, na ce ta sa *on*. Ta rubuta, sannan ta ɗago kai ta ce, "To me ya sa a ta sama muka sa *in*, alhali can ma maganar haihuwa ce?" Ta saman ita ce *She was born in March*. Na buɗe baki na rufe. Abin da na iya ce mata kawai shi ne haka ake faɗa.

Haka muka yi ta yi kusan mako biyu. Ta kawo aiki, in faɗi amsa, ta rubuta, gobe ta dawo da maki mai kyau, kowa ya ji daɗi. Sai aka yi musu gwaji a aji, inda babu Baba a kusa, ta dawo da takwas cikin ashirin. A daren nan na daɗe barci bai ɗauke ni ba. Makin da take samu a aikin gida ashe nawa ne, ita tana nan inda na same ta, malamar kuma tana duba littafi tana zaton yarinya ta gane, don haka ta wuce darasi na gaba. Rufe ciwon nake ta yi, yana ci ta ciki. Washegari na ce mata daga yau ba zan ƙara faɗa mata amsa ba, amma kullum da daddare za mu zauna minti ashirin, ni da ita. Ranta bai so ba, har da 'yar ƙwalla.

Na fara da tattara kurakuran. Na ɗauko littafin aikin gida da takardar gwajin da insha'i biyu da ta rubuta, na kwafe duk jimlar da aka ja wa layi a farar takarda guda. Sun kai talatin da 'yan kai. Na ce ta faɗa mini kowacce da Hausa, yadda za ta faɗa wa ƙawarta, ni kuma ina rubutawa a gefe. Kafin mu kai rabi abin ya fito fili. Yarinyar ba canki-canka take yi ba. Da Hausa take gina jimlar a ranta, sannan ta juya ta kalma bayan kalma, kuma idan aka bi ta wannan hanya kowace amsa tata tana da hujja.

Dubi ƙaramar kalmar nan tamu, "a". Muna cewa a gida, a bango, a ɗaki, a watan Maris, a ranar Litinin, a mota, a ƙafa. Kalma ɗaya ce ta ɗauki duk wannan kaya. Bature kuwa cewa zai yi *at home*, *on the wall*, *in the room*, *in March*, *on Monday*, *by car*, *on foot*. Tun tana ƙaramin aji aka gaya mata "a" ita ce *in*, ta riƙe gam, shi ya sa duk inda ta ga gurbi sai ta jefa *in*. Haka "da" take: da safe, da tsakar rana, da dare, da ƙarfe uku, da fensir. A Turanci sun watse, *in the morning*, *at noon*, *at night*, *at three o'clock*, *with a pencil*. Akwai kuma wuraren da Hausa ba ta neman komai a tsakani. Ina jiranka, saurare ni, na je makaranta, duk aikatau ne ya dafa suna kai tsaye. Ita ma sai ta rubuta *I am waiting you* da *listen me* a insha'inta, ta bar *for* da *to* a baya, domin a kunnenta jimlar ta riga ta cika.

Sunan kalmomin ya yi mata nauyi a baki, sai na bincika asalinsa. Daga Latin ya fito, ma'anarsa abin da aka ajiye a gaba, domin gaban suna ko wakilin suna suke zama. Wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san danginsu, harufan jarra irin su min da ila da fi da ala. Akwai ma harsunan da ke ajiye su bayan suna, kamar Japananci da Turkanci. Mu dai muka raɗa musu namu sunan, 'yan zagi, tunda su ke shiga gaba suna na biye. A Turanci sun haura ɗari idan aka haɗa da masu kalma biyu ko uku irin *because of* da *in front of*, sai dai waɗanda ke yawo kullum ba su da yawa. *Of* da *to* da *in* suna cikin kalmomi goma da aka fi amfani da su a harshen baki ɗaya. Da na ga haka na ƙara ɗaura niyya, domin da wuya ta rubuta layi biyu na Turanci a rayuwarta ba ta haɗu da ɗayansu ba.

Daren da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba mu taɓa Turanci ba sai can ƙarshe. Na ce ta taɓa kanta. Ta taɓa. Na ce, "To, da muke cewa kan tebur, ina tebur ya samo kai?" Ta yi shiru. Na ce ta taɓa cikinta, ta taɓa bayanta, ta taɓa bakinta. Kafin in ƙara magana ta fara kawowa da kanta, cikin ɗaki, bayan ƙofa, bakin kogi, gindin bishiya, jikin bango, murya na ƙara tashi. Na ƙara mata da goshin magariba. Ta ce, "Baba, ashe duk sassan jiki ne!" Shekara goma sha biyu tana faɗinsu ba ta taɓa lura ba. Daga nan na nuna mata Turanci ma ya bi wannan hanya a wasu wurare. A cikin *beside* akwai *side*, wato gefe. Kalmar *front* ta *in front of* asalinta goshi ne a Latin. Inda muke cewa gindin dutse su ƙafa suke gani, *at the foot of the hill*. Har bakin kogi suna da shi, amma nasu bakin shi ne inda kogi ke zubewa cikin teku, namu kuwa gaɓa ce, wadda za su ce *on the bank*. Tun daga ranar ta daina kallon 'yan zagi a matsayin tarkon da aka ɗana wa ɗalibai. Ta gane kowane harshe da hoton da yake gani, aikinta shi ne ta koyi ganin na Turanci.

Gani ya kori ji, sai na kawo kwalin takalmi da mabuɗin ɗaki na ajiye a tebur. Ni zan faɗi jimla, ita ta ajiye mabuɗin inda jimlar ta ce, bayan goma mu yi musanya. *The key is in the box.* Ta jefa shi ciki. *On the box.* Ta rufe murfi ta ɗora shi. *Under*, *behind*, *beside*, *between the box and the lamp*, duk ba ta sha wuya ba, domin Hausa na da takwarar kowacce. Sai na ɗaure mabuɗin da zare na riƙe shi yana lilo a saman kwalin, bai taɓa ba. Ta ce *on*. Na girgiza kai, na riƙa sauke zaren a hankali har ƙarfen ya taɓa murfi ya yi ƙara kas. Na ce yanzu ne ya zama *on*, ɗazu *above* ne ko *over*. Na sa salatef na liƙa shi a gefen kwalin na tambaye ta. Ta ce ai ba a kansa yake ba, a jikinsa yake. Na ce nan ma *on* Bature zai ce. Ba ta gamsu ba. Muna cikin haka ƙuda ya sauka a silin, na nuna shi na ce *The fly is on the ceiling*. Ta ce, "Haba Baba, ƙudan nan fa a ƙasan silin yake, ta yaya zai zama a kansa?"

Nan bakin zaren yake. *On* ba ruwanta da sama ko ƙasa, taɓawa take nema, abu ya manne da fuskar wani abu. Shi ya sa hoto yake *on the wall*, zobe yake *on her finger*, rubutu yake *on the page*. Fassarar "a kan" da aka ba ta rabin magana ce, sauran rabin yana wajen "a jikin". Na ga ta ɗauki fensir ta rubuta kalmomin biyu na Hausa kusa da *on* a bangon littafinta, ba tare da na ce ta rubuta ba. Kalmomin motsi, *into* da *onto* da *out of* da *off*, dare ɗaya suka ɗauke mu. Don *through* muka huda kwalin gefe biyu ta zura zaren ya fita ta ɗaya ɓangaren.

*At* ce ta fi ba mu wuya, domin ba ta da mazauni a jikin kwali. Kwana biyu ina juya yadda zan bayyana ta. Daga baya na zana abu uku a takarda, murabba'i da layi da ɗigo. Idan mai magana yana ganin wurin a matsayin fili mai iyaka da ya kewaye abu, *in*. Idan shimfiɗa ce ko layi, *on*. Idan kuwa bai damu da girman wurin ba, nuna shi kawai yake yi kamar ɗigo a taswira, *at*: *at the door*, *at the gate*, *at the bus stop*. Misalin da ya zaunar mata da shi gidan firaministan Birtaniya ne. Yana *in London*, domin birni ya kewaye shi, yana kuma *at 10 Downing Street*, domin lambar gida ɗigo ce. Wuri ɗaya ma yana iya karɓar biyu gwargwadon abin da ake nufi. *She is at school* na nufin ta tafi karatu, ko tana aji ko tana filin wasa. *She is in the school* kuwa ginin ake nunawa, tana cikinsa.

Zanen nan uku ya sake yi mana rana da muka shiga maganar lokaci. A darasin kimiyya sun karanta saukar 'yan sama jannatin Amurka a duniyar wata, sai na ce mu yi aiki da shi. Sun sauka a 1969, ranar 20 ga Yuli, da ƙarfe 20:17 agogon GMT. Na ciro kalanda daga bango na ajiye agogon hannuna a kusa. Shekara da wata manyan mazubai ne da kwanaki ke ciki, don haka *in 1969*, *in July*. Rana ɗaya kamar gida ɗaya ce a shafin kalanda da za ka ɗora yatsa a kai, *on 20 July*, *on Sunday*. Awa da minti kuwa tsinin hannun agogo ne, *at 20:17*. Ta rubuta duka a jimla ɗaya, ta ƙara *on the moon* da kanta. Sai na mayar mata da tambayarta ta daren farko, ta haihuwar Maris da ta Litinin. Ta dubi kalandar ta ce, "Maris mazubi ne, Litinin gida ɗaya ce." Ban ƙara mata komai ba.

Ba zan ce zanen ya warware komai ba, kuma ban ɓoye mata hakan ba. Ana cewa *in the morning* da *in the evening*, amma *at night*. Da zarar an ambaci rana sai *on* ta ƙwace wurin, *on Monday morning*. Idan *next* ko *last* ko *this* ko *every* ta shigo, ɗan zagi ya koma gefe gaba ɗaya, *next week*, *last year*, *every day*, babu komai a gabansu. Ababen hawa ma da nasu. Ana cewa *on the bus*, *on the train*, *on the plane*, amma *in the car*, *in a taxi*. Dabarar da aka saba ba ɗalibai ita ce, wanda za ka iya miƙewa tsaye ka yi tafiya a cikinsa *on* yake ɗauka, wanda sai ka sunkuya ka zauna *in*. Ta gwada ta da jirgin ruwa da kwalekwale, ta ga ta yi, *on a ship*, *in a canoe*. Keke da doki kuwa hawa ake yi, *on* ce ba gardama.

A nan ne ta ajiye fensir ta ce, "Wai Baba, wa ya kafa waɗannan dokokin?" Na ce babu kowa. Faransa tana da majalisar kula da harshe tun 1635, Turanci bai taɓa samun irinta ba. Tsohon Turanci yana nuna aikin suna a jimla ta hanyar canza ƙarshen kalma, kamar yadda Larabci ke yi, da waɗannan ƙarshe suka zube cikin ƙarnoni sai nauyi mai yawa ya koma kan jerin kalmomi da kan 'yan zagi. Abin da bakin mutane ya saba da shi shi ya zama doka, masu nahawu daga baya suka zo suka rubuta. Na ga amsar ta kwantar mata da hankali fiye da yadda na zata. Da tana zaton akwai wata doka guda da kowa ya sani ita kaɗai aka bari a baya.

Kashi mafi girma na aikin, wanda ya cinye mana kusan mako uku, ba shi da hoto ko kaɗan. Su ne 'yan zagin da ke manne da wani aikatau ko wata sifa ba tare da dalilin da ido zai gani ba: *good at*, *afraid of*, *interested in*, *depend on*, *married to*, *listen to*, *wait for*. Ba kwalin da zai nuna maka me ya sa ƙwarewa ta ɗauki *at*, sha'awa ta ɗauki *in*. Sai dai a koye su tare da abokan tafiyarsu, kamar kalma ɗaya. Na ba ta ƙaramin littafi na musamman, da sharaɗin ba za ta rubuta kalma ita kaɗai ba, kuma ba za ta rubuta fassara ba. Cikakkiyar jimla za ta rubuta, a kan rayuwarta. *I am good at drawing. My brother is afraid of dogs.* Da farko goma nake ba ta a dare, washegari ko huɗu ba ta riƙe ba. Na rage zuwa uku, muna farawa da bitar na jiya da na shekaranjiya kafin mu ɗauki sababbi. A nan ta koyi buɗe ƙamus irin na masu koyon harshe, wanda ke nuna ɗan zagin da ke bin kalma ya kuma kawo misali a jimla. Da ma'ana kawai take dubawa ta rufe.

Wani abu da ya taimaka shi ne komawa Hausa a duk lokacin da Hausa ta fi fayyacewa. *Look at*, *look for* da *look after* sun yi ta rikita ta, tana ganin kalma ɗaya ce. Na ce a Hausa ai aikatau uku ne daban, duba da nema da kula, Turanci ne ya tara su a gida ɗaya ya bar ɗan zagi ya raba gardama. Akasin haka ma yana faruwa. Na saya mata, na rubuta mata, an sace mata: "ma" ɗaya ce a wajenmu, a wajensu *for her*, *to her*, *from her*. Sai kuma aro. Mu da "na ari littafi" da "na ara masa littafi" tushe ɗaya ne, su kuwa *borrow from* da *lend to*, kowanne da inda ya dosa. *Since* da *for* ba su ɗauke mu lokaci ba, da ta gane *since* ita ce "tun", tana son a faɗi mafari, *for* kuma tsawon lokaci take aunawa. Haka *until* da *by*: *wait until Friday* jira ne har Juma'a, *finish by Friday* kuwa wa'adi ne, kada a wuce Juma'a.

A cikin waɗannan makonni ni ma an gyara mini. Ina duba insha'inta na ga ta rubuta *We discussed the problem*, na ce ta manta *about*. Ta ɗauko ƙamus kamar yadda na koya mata, ta bi da yatsa, ta ce, "Baba, a nan ba su sa ba." Na karɓa na duba, gaskiyarta. *Discuss* ba ya ɗaukar ɗan zagi, kai tsaye yake dafa abin da ake tattaunawa, *talk* ne ke tafiya da *about*. Shekaru ina rubuta shi haka a wajen aiki, kuma na san daga inda ya samo asali, "tattauna a kan" ce nake ɗauke da ita zuwa Turanci, daidai abin da take yi da "a". Na gode mata, na ce ta ba ni shafi ɗaya a littafin nata in rubuta tawa jimlar. A shafin muka ƙara *enter the room* da *reach the town* da *go home*, waɗanda su ma ba sa son komai a tsakani, kuma a nan Hausa da Turanci bakinsu ɗaya.

Sau ɗaya na je wajen malamarsu. 'Yata ta rubuta *on the weekend*, aka ja mata layi aka sa *at*, ta dawo gida ranta a ɓace, domin ta ga *on* a wani littafin labari, ni ma na tabbatar mata haka nake gani a rubuce-rubuce. Bayan mun gaisa na ce, "Malama, wannan ya ɗaure mana kai, na zo a fahimtar da mu." Ta ce, "Malam, duka biyun Turanci ne. Na Ingila *at* yake sawa, na Amurka *on*. Littafin da muke bi na tsarin Ingila ne, shi ya sa nake so su tsaya a kansa kada su cakuɗa." Ta ƙara mini da wasu, *in the team* da *on the team*, *Monday to Friday* da *Monday through Friday*. Na ji daɗin zuwan nan. Na gaya mata abin da muke yi a gida, da kuma mako biyun da na yi ina ba da amsa, don ta san makin wancan lokacin ba ma'auni ba ne. Ta ce ta lura da tazarar da ke tsakanin aikin gida da na aji, tana shirin kirana ne ma. Muka raba shafi biyu a littafin, Ingila a dama, Amurka a hagu.

Akwai doka ɗaya da na taso da ita wadda a wannan tafiya na sake ta. An koya mana cewa kuskure ne jimla ta ƙare da ɗan zagi. Da na ga ta rubuta *Who did you go with?* har na ɗaga fensir, sai na tuna abin da ya faru da *discuss*, na ce bari in duba tukuna. Ashe ƙin wannan tsari ana danganta shi ne da marubucin Ingila John Dryden, wanda a 1672 ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson a kan haka, a zamanin da masana ke auna Turanci da ma'aunin Latin, harshen da ba a yin hakan a cikinsa. Robert Lowth, a littafin nahawunsa na 1762, ya yarda cewa Turanci yana karkata ga barin ɗan zagi a ƙarshe, ya dai ga kawo shi gaba ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Ra'ayin salo ne aka mayar wa ɗalibai haramci. Na bar mata jimlarta, na nuna mata *With whom did you go?* a matsayin ta wasiƙar hukuma. Dokoki biyun da na ce kada ta yi wasa da su daban ne: wakilin suna bayan ɗan zagi siffar karɓau yake ɗauka, *between you and me*, aikatau kuma sai ya ɗauki *-ing*, *good at drawing*, *before leaving*, *look forward to seeing you*. Wannan ta ƙarshe sai da muka maimaita ta dare uku, domin *to* ɗin cikinta yana kama da na *to see*, alhali ɗan zagi ne.

A mako na shida aka ba su insha'i a kan wata tafiya da suka taɓa yi. Ta rubuta a ɗakinta, ta zo ta karanta mini da ƙarfi, ni kuma na yi alkawarin ba zan ce uffan ba. Tana cikin karatu ta zo kan *We arrived to the station*, sai ta tsaya. Ta sake karantawa a hankali. Ta ce, "Wannan bai zauna ba." Ta buɗe ƙaramin littafinta ta yi ta juya shafi har ta samo jimlar da ta rubuta kwana goma da suka wuce, ta goge *to* ta sa *at*, ta ce da gari ne da *in* za ta sa. Ta ci gaba da karatu ba ta ko dube ni ba.

Gwajin da ya biyo baya ta ci sha shida cikin ashirin. Huɗun da ta faɗi mun kwafe su a ƙasan farar takardar nan ta farko, wadda yanzu ta yi laushi saboda ninkewa. Ɗaya ta *between* da *among* ce, waɗanda duka "tsakanin" ne a wajenmu. Ɗaya *by* ce da ta sa inda ake son *with*. Biyun kuwa *on time* da *in time* ne, na farko isa daidai lokacin da aka tsayar, na biyu isa kafin abu ya kuɓuce. Ta ce tana so mu yi su da agogo kamar yadda muka yi na saukar wata, don haka na cire shi daga hannuna na ajiye mata kusa da kwalin.